Idon Yaya na Dama

Laraba

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawu da iyalinsa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya kuma idon, yanar tana nan yadda na bar ta ko ta ƙara kauri? Kawu, na san kai ne za ka karanta mata. Ina gaishe ka da kyau, kuma ina roƙonka ka zaunar da ita tukuna kafin ka wuce wannan layin.

Sau biyu na ɗauki waya zan kira, sau biyu ina kashewa kafin ta shiga, don na san muryata za ta tona ni. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban da ke bi ta wajenku gobe da safe.

Inna, Yaya ya ji ciwo a shagon walda. Yana da ransa, yana magana, har zagin mutane yake yi, saboda haka ki kwantar da hankalinki. Amma a ido ne, na hagu.

Shekaranjiya Litinin da hantsi ina ɗakin gwaji ina ɗiga wa wani tsoho magani, sai hayaniya ta tashi a baranda. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a asibitin idon nan, na saba da ihu, ko kai ban ɗaga ba. Sai da na ji ana ƙwala kiran Ta Tsakiya, sunan da ba mai kirana da shi sai 'yan gidanmu. Na fito na tarar maƙwabtan shago su biyu sun riƙo shi, rigar aikinsa ta jiƙe da jini har ciki, ya danne fuska da baƙin tsumman da suke goge inji da shi. Guntun rodi ne ya same shi, sabon yanka, bakinsa kamar wuƙa.

Da ƙyar muka ɓamɓare hannunsa. Ba zan ɓoye miki abin da na gani ba, don ke kika hana mu ƙarya tun muna yara. Baƙin idon ya tsage daga gefe zuwa gefe, abin da ke ciki yana bin kumatunsa, wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai gauraye da jini. Shi kuwa sai gogewa yake, a zatonsa hawaye ne. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na doke hannunsa har sai da tsumman ya faɗi ƙasa.

Kin sha tambayata abin da muke gani a cikin ido da muke ta leƙawa da fitila. Bari yau in gaya miki, don ki gane abin da ya lalace. Ido ɗan ɗaki ne rufaffe, cike da ruwa. A gaba akwai taga mai haske garau. Bayanta akwai 'yar ƙofa baƙa, wadda ke buɗewa in an shiga duhu, ta tsuke in an fito rana. Bayan ƙofar akwai wani ɗan gilashi mai taushi da ke tattara haske wuri ɗaya, shi ne naki ya yi yana, shi ne nake ta roƙon ki zo a cire kina ce mini sai an kwana biyu. Hasken ya ratsa ruwan ya sauka a kan wata shimfiɗa a bangon baya, wadda ta fi ɓawon albasa siranta, daga nan jijiya ta kwashi saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. To na Yaya tagar ta fashe, gilashin ya fice, shimfiɗar ta yage ta nannaɗe.

Likitanmu ya yi awa huɗu yana ɗinki. Jiya da safe muka buɗe bandejin, na rufe masa na dama da tafin hannuna, Likita ya haska tocila a na hagun daf da shi, ya tambaye shi ko yana ganin haske. Yaya ya ce, “To ku kunna mana, me kuke jira?” A kunne take, Inna. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo.

Na dama kuwa lafiyarsa ƙalau, ya karanta allon gwaji har layin ƙasa wanda ni kaina sai na matsa kusa. Mu gode wa Allah a kan wannan. Matarsa tana nan tare da shi. Maigidana yana kan hanya da motarsa, sai ƙarshen mako mai zuwa, yara kuma suna gaishe ki. Auta ba ya kusa a yanzu.

Ki sa mu a addu'a. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Ta Tsakiya

Asabar

Innata,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa da mahaifi, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Kawu, sannu da ƙoƙari, Allah Ya bar zumunci. Saƙonku ya iso ta hannun direba. Ya ce kin ce a tambaye ni tun yaushe rodi ya fara tashi sama da kansa, kuma me ya sa na ba Auta rabin layi kawai. Idonki ne ya yi yana, Inna, kunnenki ko kaɗan. Ki yafe mini, na faɗi gaskiya amma na rage mata tsawo.

Auta ne ya jefe shi.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda maƙwabta suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wani mai gidan burodi ya kawo aikin babban ƙyauren ƙarfe, Yaya ya ce Auta ya yi shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Shekara goma sha huɗu yana ƙarƙashinsa, wannan ne karo na farko. Auta ya yi kwana tara a kai, da tef ɗinsa da ma'auninsa, yana aunawa yana sake aunawa, har fenti ya shafa. Ranar Litinin mai aikin ya zo ɗauka da motar kaya, mutane sun taru ana yabawa. Sai Yaya ya zo ya tsuguna a kusurwar ƙyauren, ya rufe idon hagu ya hango da na dama, irin yadda marigayi Baba yake yi. Kin san shi da wannan, ya sha cewa idonsa ne ma'auninsa. Ya miƙe ya ce karkatacce ne. Bai ja ƙanensa gefe ba, bai bari mutane su watse ba. Ya jona injin yanka ya bi ƙyauren yana datsawa, tartsatsin wuta yana tashi, har ya mai da shi gida huɗu. Yana yi yana cewa wanda sai ya ɗauko tef kafin ya ga karkata ba mai walda ba ne, tela ne, ya je ya nemi keken ɗinki. Aka yi dariya.

Auta mai shekara talatin da ɗaya, uban yara biyu, yana tsaye kamar an kafe shi. Wani guntu ya gangaro gaban ƙafarsa da zafinsa. Ya ɗauka ya wurga da duk ƙarfinsa, daidai lokacin da Yaya ya ɗago kai. Abin haushin, Inna, daga baya maƙwabta sun jera guntayen sun auna, da gaske ƙyauren ya karkace, da kaurin ɗan yatsa. Yaya bai taɓa kuskure a wannan ba, shi ya sa zama da shi yake da wuya.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don abin da ya fi damuna ba idon da ya mutu ba ne, mai ran ne. Na ce miki ido ɗaki ne rufaffe. To a jikin mutum akwai sojoji masu yawo a cikin jini, aikinsu kashe duk baƙon abu da ya shigo. Tun da aka halicci mutum ba su taɓa shiga can cikin wannan ɗakin ba, ba su san kayan da ke ciki ba. Idan ido ya fashe, sai su leƙa, su ga abin da ba su sani ba, su ɗauka maƙiyi ne. In suka riƙe kamanninsa, wani lokaci ba sa tsayawa a nan, sai su tsallaka ɗaya idon mai lafiya su far masa, tunda kayan iri ɗaya ne. Ba kowa yake samu ba, ba zan ƙara gishiri ba, sau biyu kawai na gani a aikina. Amma ɗaya daga ciki wata mai ɗinki ce da ta ƙi jin magana, bayan wata biyu 'yarta ce ta jawo ta da sanda, kuma duk maganin da muka ba ta bai dawo da komai ba. Likita ya ce tunda na hagun ko haske ba ya gani, kuma ya dagargaje haka, a cire shi cikin kwana goma sha huɗu, kafin sojojin su gama saninsa. Yau kwana shida.

Na kai wa Yaya takardar amincewa da kaina. Na zauna a bakin gadonsa na yi masa bayanin nan dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya karɓi takardar ya yayyaga ya watsa mini a fuska. Ya ce, “Ba mai taɓa shi sai ranar da za a sa shi faranti ɗaya da na Auta. Zafin nan da yake yi mini ina sonsa, kada ya huce.” Da Likita ya sa baki, ya wawuri tasar ƙarfen da muke zuba auduga ya jefe shi da ita, ta wuce can gefe ta fasa gilashin taga. Ya fizge allurar ruwa daga hannunsa, jini yana tsiyaya, ya sa takalmi ya fice. Matarsa ta bi shi tana kuka, ni kuma na tsaya ina ba abokan aikina haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun muna ƙanana ni ce a tsakaninsu, ni ke shan dukan da ya ɓace hanya, kina ce mini haƙuri na na tsakiya ne. Na gaji, Inna, amma ba yanzu zan ajiye ba. Ki sa Kawu ya kira miki shi, ki yi masa magana da muryar nan da kike tsayar da shi da ita yana yaro. Ba na neman ya yafe wa kowa. Hannu kawai nake so ya sa.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ta Tsakiya

Alhamis

Inna,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Kawu, na ji sau bakwai ka kira yana kashewa. Kada ranka ya ɓaci, yanzu haka yake yi wa kowa.

Yau kwana goma sha ɗaya, saura uku.

Kullum kafin in wuce aiki sai na biya gidansa da tocilata, in wanke masa na hagun, in duba na daman. Yana bari, amma fuskar nan kamar hadari. Ranar Litinin na tarar da shi zai zuba shayi, ya ɗaga buta ya tsiyaya shi tas a kan tebur, kofin yana gefe a bushe. Ya zagi matarsa wai ita ta matsar da shi. Da zai fita ya kai hannu ga mariƙin ƙofa ya damƙi iska, a bakin dakali kuma ya taka inda babu ƙasa ya durƙusa.

Na ce ya zauna in gaya masa dalili. Allah bai yi mana ido biyu don ado ba. Kowanne yana kallon abu daga wurin zamansa, na dama ta nan, na hagu ta can, hotunan biyu ba su zama daidai ba. Wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke ɗauka ta gane abu kaza yana kusa, kaza yana nesa. Wanda ya rasa ɗaya sai ya yi watanni kafin ya koyi wasu dabaru, kafin nan komai a shafe yake gare shi kamar hoton bango. Na ba shi fensir biyu na yaransa, na ce ya miƙa hannuwa ya haɗa bakinsu. Sau uku yana yi suna wuce juna. Ya karya su ya zubar. Ya ce, “Shekara ashirin ina aiki da ido ɗaya a rufe, ke ce za ki koya mini gani?” Na ce masa Yaya, ido ɗaya yana ganin miƙe da karkace, wannan ba wanda ya kai ka, amma kusa da nesa sai da biyu. Ya ce in kwashe surutuna na asibiti in ba shi wuri.

Ranar Talata da rana tsaka ya je gidan Auta da guduma. Ya ɓalle ƙofa, ya farfasa gado da kujeru da kwanuka, ya tsinke wayoyin wuta, har madubin matar bai bari ba. Allah Ya sa ta ji tahowarsa ta ɗebi yaran ta fita ta baya, yanzu tana gidan iyayenta. Wani dattijo maƙwabci ya riƙe shi, Yaya ya ture shi ya faɗa kwata, haƙorinsa ya fita. Daga nan ya wuce shago ya yanki rodi tsawon hannu, ya wasa bakinsa a inji. Wajen wasawar ya kai yatsa inda bai yi zato ba, dutsen injin ya cinye masa farce har nama. Bai ko ɗaure ba. Rodin yana jingine a gefen gadonsa, matarsa ta ce ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Kawu, ka sassauta murya a nan. Auta yana gidana. Tun ranar da abin ya faru ya zo, yana ɗan ɗakin ajiya na bayan kicin, tsakanin buhuna da tsofaffin tayoyin maigidana. Tafin hannunsa ya ƙone da zafin guntun da ya ɗauka, ni nake sa masa magani. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Jiya na leƙa na same shi ya rufe ido ɗaya da hannu yana zagaya ɗakin yana laluben bango. Na ce me kake yi haka, ya ce yana so ya san yadda Yaya yake ji. Na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa mari. Ya rantse mini ƙyauren ya nufa, ba mutum ba. Na yarda da shi, amma yardata ba ta mai da ido. Kullum sai ya tambaye ni saura kwana nawa, ni kuma da bakina mara linzami ina gaya masa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na yau da safe. Da na haska na daman, Yaya ya runtse, hawaye ya zubo. Farin idon yana nan fes, 'yar ƙofar tana tsukewa yadda ya kamata. Wataƙila rashin barci ne, wataƙila ƙurar inji. Amma haka na mai ɗinkin nan ya fara, da gudun haske.

Direba ya ce kin ce za ki taho mako mai zuwa, kuma kin yarda a cire yanar, wai kina so ki gan su da idonki ku yi ta ta ƙare. Shekara uku ina lallashi, ashe jira kike a fasa wani. Na yi dariya da na ji, ita ce dariyata ta farko a kwanakin nan. Ki taho, zan gyara miki ɗakin yara.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya shiga tsakanin 'ya'yanki.

'Yarki,
Ta Tsakiya

Litinin

Zuwa ga Innarmu,

Muna gaishe ki, muna tambayar lafiyarki da ta Kawu da duk mutanen gida. Kawu, za ka ga hannun ya canja. Maganar tawa ce, rubutun na Yaya ne. Ina kwance a gado na uku a ɗakin mata, ɗakin da nake aiki, shi kuma yana zaune a gefena da takarda a kan gwiwa. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya rage kalma ko ɗaya, kuma in an gama zan sa a karanta mini.

Ranar Juma'a Auta ya ɗauki wayar da na bari a gida ya kira Yaya. Ya ce masa yana gidana, ya zo ya ɗauki abin da yake nema, sannan ya je a cire masa na hagun tun lokaci bai ƙure ba. Ni ban san an yi haka ba. Na dawo da azahar in duba ko ya ci abinci, na tarar da ƙofar gida a buɗe.

Auta yana durƙushe a tsakar gida kusa da igiyar shanya, ya mai da hannuwa baya, ya ɗaga fuska, idanunsa a buɗe tar. Yaya yana tsaye a gabansa da rodin. Na ajiye jakata na zagaya ta gefe. Ina so ki san wannan, Inna, ban shiga tsakaninsu ba. Na sha shiga, amma ranar a gefe na tsaya, taku ɗaya gaba da Auta, na sunkuya na miƙa hannu ina cewa Yaya ka dubi Allah. Ya gan ni sarai. Ya ce a ganinsa ina can baya wajen igiya, rodin ba zai kai gare ni ba. Ya ja baya ya kawo duka ta gefe da hannu biyu, da ƙarfin mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaga ƙarfe. Ni ce a kusa.

Ya tsaya da rubutu a nan, na ji alƙalamin ya daina motsi. Na ce ya rubuta wannan ma.

Na ji ƙara a cikin kaina kamar an taka kwalba. Na ga wani farin haske, sannan ja, sannan babu. Da na dawo hayyacina ina ƙasa, bakina cike da jini, wani yana kururuwa kamar ana yanka shi, ashe Yaya ne. Na kai yatsa kumatuna na hagu na ji abin nan mai yauƙi. Na san shi, don haka ban goge ba. Na ce kada wanda ya danna, a ɗauko kofin shayi a kifa a kai a ɗaure da ɗankwali. Auta ne ya kifa, don Yaya ya gwada ya sa mini a goshi. Su biyu suka ɗauke ni zuwa bakin titi, ɗaya kai ɗaya ƙafa, suka tare motar haya.

Ƙashin gefen idon ya karye, idon kuma ya fashe ya fi na Yaya muni. Na dama bai taɓu ba, amma fuskar ta kumbura ta rufe shi ruf, sai an buɗe da yatsa, shi ya sa ba na iya rubutu. Da yamma Likita ya zo da tocilarsa. Ya yi mini tambayar da na sha ji yana yi wa mutane. Na san a kunne take, don na ji ɗuminta a fatata. Na ce masa babu.

Ya ce ni ina da sauran kwanaki, in huta tukuna a sake dubawa. Na ce na san abin da ke ciki da abin da ya fita, a kawo takarda, kuma a kawo guda biyu. Auta ya ɗora hannuna a kan layin na sa hannu a tawa. Sannan na ɗaga alƙalamin sama, ban kira sunan kowa ba. Na daɗe a haka har hannuna ya fara sanyi. Can na ji wasu yatsu sun cafki iska sun goge ni a wuyan hannu. A karo na biyu suka sami alƙalamin.

Ranar Asabar da safe aka yi mana aikin cirewa, ni farko, Yaya na biyu, ranar kwana na goma sha uku. Likita ya sa na daman Yaya a inji ya leƙa har bangon baya, ya ce bai ga alamar komai ba, hawayen nan na rashin barci ne. Za a ci gaba da duba mu duka biyu wata da watanni, don ba a ba da tabbaci a wannan abin. Amma jiya ya karanta allon har layin ƙasa, ga shi kuma yana rubutu. Kawu, ka duba mini, na san layukan sun miƙe.

Ban yafe ba tukuna, Inna, kada in yi miki ƙarya. Ina jin haushinsu su biyu har cikin ƙashina, wanda ya ɗaga ƙarfe da wanda ya kira shi gidana ya durƙusa. Shekarata talatin da biyar, aikina na duba idon mutane ne, ban san ko za a bar ni in ci gaba ba. Yarana sun zo jiya, ƙaramar ta ƙi matsowa kusa da gadon. Maigidana ya dawo, sai da mutum uku suka riƙe shi a baranda, yana cewa sai ya kai su gaban hukuma. Na ce ya bari in tashi, ni zan yanke da kaina.

Su biyun ba sa magana da juna. Amma da safen nan na ji an ɗaga buta, na ji shayi ya sauka a cikin kofi bai zuba a tebur ba, na san ba Yaya ne ya zuba ba. Na kuma ji ya sha.

Ki taho yadda kika shirya, kada ki fasa. Na riga na sa sunanki a layin ranar Laraba ta sama, aikin minti ashirin ne, za a cire gilashin da ya yi yana a sa miki sabo, washegari ki ga komai garau. Abin da za ki gani ba shi kika bari ba. Kin haife mu da ido shida, huɗu za ki tarar. Duk da haka ki zo, ina so ki dube ni tun kafin in dubi kaina.

Allah Ya kawo ki lafiya. A gaida kowa.

'Yarki,
Ta Tsakiya

Inna, ni ne. Ta yi barci, ba ta san na ƙara wannan ba. Duk yadda ta faɗa haka aka yi, kuma tun kafin in yi ta gaya mini kusa da nesa sai da ido biyu. Ina ganin rubutun nan tsaf, har ɗigon da ke kan baƙaƙe. Ina gani, Inna. Da nata aka fanshi nawa, da nata nake gani.